GAURAYA METANOL DA FETUR A TSOFAFFIN MOTOCINMU: RIBA KO ASARA?

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, bisa gayyatar Kwamitin Sufuri)

  



Dalilin tsayuwata a gabanku yau wata takarda ce da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu na reshen Legas ya aiko wa Kwamitin Sufuri. Shawararsa ita ce ƙungiya ta riƙa sayo gangunan sinadarin metanol daga wajen dillalan kayan masana'antu, ana gaurayawa da fetur, ana zuba wa tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan tamu mai ɗaukar marasa lafiya, da injinan ban-ruwa na manoman fadama. Ya ce ya karanta cewa haka ake yi a ƙasar Sin, kuma kuɗin mai zai ragu. Da yake na shafe fiye da shekara talatin ina koyar da gyaran mota a kwalejin fasaha, sai kwamiti ya ce in duba maganar in kawo wa taro abin da na gani.

Kafin komai ina so in yaba wa marubucin takardar. Kishin gari ne ya sa shi, kuma abin da ya karanta gaskiya ne. Duk wanda ke aiko da kuɗin mai gida ya san yadda al'amari ya zama tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Mutumin da ya zauna yana neman wa garinsu mafita a irin wannan hali bai cancanci a yi masa dariya ba. Sai dai amsar da zan bayar ita ce a'a, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni in faɗi dalili dalla-dalla, don kada gobe wani ya gwada a ɓoye.

Shi metanol ruwa ne garau, ba shi da launi, dangin barasa ne. A da ana samunsa ta hanyar turara itace, shi ya sa ake ce masa barasar itace. Tun 1923 Jamusawa suka fara ƙera shi a masana'anta, yau kuwa galibi daga iskar gas ake yin sa, ko daga kwal. Masu yin fenti da gam da robobi ke sayen mafi yawansa. Yana ci da wuta sosai, yana ƙonewa ba tare da baƙin hayaƙi ba, kuma yana jure matsi a cikin inji fiye da fetur, domin ma'aunin oktan ɗinsa ya haura 100. Saboda haka ne motocin tseren Indiyanafolis a Amurka suka koma kansa bayan mummunar gobarar da ta ci direbobi biyu a tseren 1964, suka kuma yi shekara arba'in suna amfani da shi.

Ƙasashe sun gwada shi a motocin jama'a ma. Bayan tashin farashin mai na 1973, Jamus ta Yamma ta yi gwajin gaurayen kashi 15 cikin 100 a motocin Volkswagen. Jihar Kalifoniya ta sa an ƙera dubban motoci masu shan kashi 85 cikin 100 a shekarun 1980 da 1990, kafin shirin ya mutu da fetur ya yi araha, itanol na manoman masara kuma ya ƙwace kasuwa. Ƙasar Sin, wadda Allah Ya hore wa kwal amma ba ta da isasshen mai, ita ce ta fi kowa nisa: a biranen Guiyang da Xi'an akwai dubban motocin haya na kamfanin Geely da ke tafiya da metanol tsantsa. Mu ma nan gida, a 2019 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wata manufa ta samar da man metanol, kuma ga ƙasar da ta daɗe tana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta, wannan tunani ne mai kyau.

To, ina gizo ke saƙa? A duk waɗannan wurare, ko dai an ƙera motar tun daga masana'anta don wannan mai, da tanki da tiyo da robobi na musamman, ko kuma a daffo ake haɗa man, da awo, da ƙarin sinadaran da ke riƙe gaurayen da masu hana tsatsa. Ga motocin da ba a shirya ba, dokar ingancin fetur ta Turai ba ta yarda metanol ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. A Amurka abin da aka lamunta bai wuce kimanin kashi 5 ba, shi ma sai tare da wani sinadarin da zai riƙe shi. Babu inda aka ce direba ya ɗauki jarka ya yi haɗinsa a gindin bishiya.

Yanzu mu dawo kan motarmu. An fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma 504 da a-kori-kura 404 da J5 da muke turowa gida bayan sun gama yi mana hidima a birni, yawancinsu masu kafireta ne. Kafireta kuwa ba ta da kwamfuta, ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba mata. Abin da ta sani shi ne wata 'yar ƙofa, wadda makanikai ke kira jet, da aka huda daidai yadda kowane kilo ɗaya na fetur zai haɗu da iska kilo 14.7. Shi metanol rabin nauyinsa iskar oksijin ce, don haka iska kilo 6.4 kacal yake bukata. Idan ka gauraya su, ƙofar nan ba za ta ƙara faɗi ba, iskar da ke shiga ba za ta ragu ba, sai inji ya zama yana samun iska fiye da kima, abinci ƙasa da kima. Motar zamani tana da na'ura a jikin salansa da ke sansano hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ta ƙara mai. Tamu ba ta da mai gaya mata. Abin da direba zai ji shi ne mota tana shaƙewa idan ya taka totur, tana tari ta kafireta, tana rasa ƙarfi a hawa, bawul-bawul kuma suna ɗaukar zafin da ba a yi su dominsa ba.

Wani gwani zai ce ai sai a faɗaɗa jet. Haka ne, ana yi. Amma ranar da metanol ya yanke aka koma fetur zalla, wannan faffaɗar ƙofa za ta riƙa kwararo mai fiye da bukata, filogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, kuɗin da ake son tattalawa ya bi iska. Ga kuma wani abu da ke yaudarar mutane, wanda ya kamata in faɗa don adalci: da yawa daga tsofaffin motocinmu dama can mai ya yi musu yawa saboda kafireta ta gaji, to idan aka ɗiga musu metanol kaɗan sai su yi kamar sun warke, tafiya ta yi santsi, hayaƙi ya ragu. Mai mota ya je majalisa yana ba da labari. Labarin wata na uku ne ba ya dawowa ya bayar.

Bari mu yi lissafi, tunda maganar kuɗi ce ta kawo mu. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta metanol kimanin rabin na lita ɗaya ta fetur ne. Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi, fetur naira 1,000 ne lita. Ka haɗa lita 10, wato fetur lita 8 da rabi, metanol lita 1 da rabi. Wannan lita 10 tafiyar fetur lita 9 da kwata za ta yi maka, wato tafiyar naira 9,250. Ka riga ka kashe naira 8,500 a fetur. Ke nan sai ka sami metanol ɗin nan a ƙasa da naira 750, wato ƙasa da naira 500 kowace lita, har da kuɗin ɗauko shi daga Legas zuwa nan, kafin a fara maganar ribar ko sisin kwabo. A taƙaice, muddin farashinsa bai gaza rabin na fetur ba, asara ake yi tun kafin a tayar da mota. Ko da kyauta aka ba ka, abin da za ka tsira da shi kimanin kashi 8 cikin 100 ne kacal. Ku riƙe wannan adadi, ku auna shi da abin da zan faɗa yanzu.

Babbar matsalar a wurina ita ce ruwa. Metanol da fetur ba masoyan juna ba ne, zaman haƙuri suke yi. Metanol da ruwa kuwa jini ɗaya ne, har daga iska yake janyo laima. Idan ruwan da bai cika kofin shayi ba ya sami shiga tanki mai lita 50 na irin wannan haɗi na gida, sai metanol ya saki fetur ya rungumi ruwa, su biyu su kwanta a ƙasan tanki, fetur ya taso sama. Daga ina famfo ke jan mai? Daga ƙasa. Sai kafireta ta cika da ruwa da barasa, mota ta tsaya cik. Tankin tsohuwar mota yana da kafar shaƙar iska, kwanon kafireta ma haka, ga damina, ga tsallaka rafi, ga man da aka saya a galan. Sanyin asubahin hunturu kuma yana gaggauta wannan rabuwa. Motar da ke aiki kullum tana iya tsira, don man ba ya daɗewa a cikinta. Motar marasa lafiya kuwa takan yi kwana goma a rumfa ba a taɓa ta ba, sai ranar da aka buga ƙofa ƙarfe biyun dare aka ce haihuwa ta zo da gardama. Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun fi ni sanin nisan da ke tsakaninmu da babban asibiti a irin wannan dare.

Zafi ma yana da nasa. Metanol yana tafasa a digiri 65, kuma ko kaɗan aka sa a fetur yana sa gaurayen saurin zama tururi. A bazara, watan Maris da Afrilu, idan direba ya kashe mota ya yi salla ya dawo, sai ya tarar man da ke cikin tiyo ya zama iska, famfo yana ja ba ya samun komai. Tsofaffin direbobinmu da ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai sun san wannan ciwo tun ba a sa masa metanol ba.

Sai kuma ɓarnar da ba a gani. Jikin kafireta na tutiya ne da alminiyom, kuma metanol mai ɗauke da ruwa yana cin su, yana barin wani farin gari kamar alli da ke toshe ƙananan hanyoyin mai. Tankunan da yawa na wancan zamani an shafe cikinsu da dalma da kuza don hana tsatsa. Yana ɓare wannan shafe. Fatar robar da ke cikin famfon mai tana kumbura ta yi laushi, daga baya ta tsage, idan ta tsage kuma mai yana iya gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya riƙa cin kansa. Tiyon roba yana bushewa ya fara tsatsafo a kusa da inji mai zafi. Dattin shekara talatin da ya kwanta lafiya a gindin tanki, shi ma sai ya narkar da shi ya turo gaba. A yau samun kafiretar 504 ta asali sai an tona kasuwar 'yan gwangwan, sai kuma an yi sa'a. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Ba sai mun je Sin neman shaida ba, mun gani da idonmu. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin mai suka sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da kima a jiragen ruwa huɗu daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Shugaban NNPC na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa binciken ingancin da aka saba yi, a can da nan, bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Motoci suka riƙa mutuwa a titunan Legas da Abuja jim kaɗan bayan sun bar gidan mai, aka janye man daga kasuwa, aka shiga dogayen layuka na makonni. 'Yan'uwanmu na waɗannan rassa ba sa bukatar in tuna musu.  Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Game da injinan ban-ruwa ba zan tsawaita ba, domin kafiretarsu ƙarama ce, duk abin da na faɗa ya fi saurin kama su, ga shi a bakin ruwa suke kwana. Ƙananan janareto da tsofaffin babura da ake haɗa musu fetur da baƙin mai kuwa nasu ya fi muni, saboda baƙin man da muke saye ba ya narkewa a metanol. Ya rabu, fistin ya bushe, inji ya kama.

Ranka ya daɗe, duk wannan maganar ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ana sayen wani. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum. Metanol guba ne. Cokali biyu na shayi yana iya makantar da babban mutum, kimanin cokali shida yana iya kashe shi. Idan ya shiga jiki, hanta tana juya shi zuwa wani sinadari mai tsami da ke kashe jijiyar gani. Kuma ba nan take yake nuna kansa ba. Mutum yana iya wuni lafiya, sai bayan sa'a 12 zuwa 24 ciwon kai da amai su fara, gani ya dushe kamar hazo ya sauko. A 2015 mutane da dama sun rasu a jihohin Ondo da Ribas saboda barasar gargajiya mai ɗauke da shi. Wani zai ce mu ai ba mashaya ba ne. Alhamdu lillahi. Amma ku faɗa mini, yaya yaron mota ke ɗebo mai daga tanki? Yaya ɗan bumburutu ke cika galan? Da baki yake zuƙar tiyo. Yaya makanike ke buɗe jet ɗin da ya toshe? Da baki yake hurawa, sannan ya wanke hannu da fetur, shi kuwa wannan sinadari har ta fata yana ratsawa. Waɗannan yara 'ya'yanmu ne. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba.

Ku ƙara da cewa kamarsa ɗaya da ruwan sha, kuma a gidajenmu jarkar mai da ta ruwa ba su cika nisa da juna ba. Idan tsantsarsa ya kama wuta da rana, harshen wutar ba ya ganuwa sosai, sai dai mutum ya ji yana ƙonewa. Wa zai ɗauki amanar ajiye ganga mai lita 200 ta irin wannan abu a sakatariyar ƙungiya, kusa da makarantar Islamiyya? Duk wanda tsautsayi ya sa ya haɗiye shi, a garzaya da shi asibiti nan take, a gaya wa likita sunan abin da ya sha. Kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran a ga abin da zai faru.

Akwai ɗan gwaji da nake so kowane direbanmu ya iya, don ko ba mu haɗa da hannunmu ba, ana iya haɗowa a sayar mana. A sami siririyar kwalba mai haske. A auna ruwa da sirinji, kashi ɗaya, a zuba, a yi alama a daidai inda ya tsaya. A ƙara fetur kashi tara, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti goma. Idan ruwan ya koma kan alamarsa, man ba shi da barasa. Idan ya haura alama, to ya janyo barasa daga cikin man, kuma yawan hawan shi ne kusan yawan abin da aka sa. Gwajin ba ya bambance metanol da itanol, amma ya isa ya sa mutum ya sake gidan mai. Na zo da kwalabe, bayan an tashi zan nuna wa duk mai so a bakin rumfar direbobi.

Shawarata ga kwamiti ita ce kada a sayi ganga ko ɗaya. Kashi 8 ɗin nan da ake nema yana nan kwance a cikin motar kanta. Na duba ta shekaranjiya: matatar iska ta toshe da ƙura, filogi biyu sun ci, lokacin wutarta ya goce, tayoyin baya ba su da isasshiyar iska, tiyon da ke shiga famfo kuma yana ɗiga. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin rabin ganga ba, kuma na yi alkawarin tsayawa a kai da kaina kafin in koma. Ina kuma ba da shawarar a buɗe littafi a ajiye a cikin motar, a riƙa rubuta litar da aka sha da kilomitar da aka yi, domin a halin yanzu babu wanda zai iya gaya wa taron nan nawa take sha. Idan ana son mataki mai nisa, a tura mutum biyu su binciko mayar da ita mai amfani da iskar gas a wurin waɗanda aka ba izini, da sharaɗin a fara tabbatar da inda za a riƙa cika tukunyar a kusa da mu. In kuwa wata rana gwamnati ta fito da gaurayen metanol a gidajen mai, da awo da hatimi, to a sake kirana mu zauna mu ga waɗanne robobi da tiyo za a canza kafin a zuba.

Ga ɗan'uwanmu na Legas, ina roƙon kwamiti ya rubuta masa amsa ta girmamawa, a haɗa masa da wannan lissafi, a kuma sa shi cikin mutum biyun da za su binciko maganar gas.